Mun Kai Abban Hanifa Garin da Ba a Cewa Babu

Ƙwas, ƙwas, ƙwas. Ina sama ina ninke kayan makarantar yara na jiyo ƙarar daga kicin, a hankali, kamar mai bugun ba ya so a ji. Na sauko na tarar da Abban Hanifa a tsugune, ya shimfiɗa bel ɗinsa a kan katakon da nake yanka albasa, yana huda shi da ƙusa da 'yar taɓaryar da nake daka citta.

Na ce, "Haba Abban Hanifa, a kan katakon albasata?"

Ya yi dariya ya ce, "Bel ɗin ne ya saki. Kayan Turawa ke nan, da sun sha sanyi sai su miƙe."

Na karɓa na duba. Huji na uku ke nan da ya yi da hannunsa, ni kuma ina gidan ban lura ba.

Na gama takaba wata biyu da suka wuce. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan, mata biyu sun riga sun kira ni, ɗaya daga Leicester, ɗaya daga Kaduna, kowacce da mara lafiyarta, suna tambayata hanyar China. A waya kuka yake hana ni ƙarasa magana. To ga shi a rubuce.

Mu mutanen Kano ne. Karatu ya kawo maigidana Birmingham, da ya gama ya samu aiki a ɗakin gwaje-gwaje na jami'a, muka zauna a Erdington da yaranmu biyu, Hanifa mai shekara goma sha ɗaya da Sadiq mai shida. Ni matar gida ce. Iyakar tafiyata ni kaɗai, bas zuwa makarantar yara da bas zuwa shagon nama.

Bayan maganar bel da sati biyu, farin idonsa ya koma ruwan ɗorawa. Abinci kuwa loma uku ya ture. Mutanen gida suka ce shawara ce, surukata ta aiko da saiwoyi ta hannun wani ɗalibi, na dafa, ya sha don kada ya saɓa wa uwa. Ni kuma kullum ƙarfe takwas na safe ina riƙe da waya ina bin layin GP, wato likitan unguwa, ana ce min ke ce ta goma sha huɗu, kafin a zo kaina a ce gurbin yau ya ƙare. Rana ta huɗu muka samu. Daga ɗibar jini abin ya ɗauki gudu: hoto, wani hoton, sannan wasiƙa cewa mu zo tare.

Likitar mace ce. Ta jawo kujera ta zauna kusa da mu, ba a bayan tebur ba, tun daga nan na san labarin ba mai daɗi ba ne. Ta ce ciwon daji ne a hanta, kuma ya riga ya taɓa huhu. Abban Hanifa ya tambaye ta kai tsaye, saura nawa. Ta ce, "Watanni ne, ba shekaru ba." Wannan maganar har yau ina jinta da muryarta. Ta ce akwai maganin da zai rage wa ciwon gudu, akwai nas da za ta riƙa zuwa gida, za a kawo masa gado a falo in hawa bene ya gagara. Lokacin, wallahi, ji na yi kamar tana shirya masa likkafani yana zaune.

Yayansa, wanda muke kira Yaya Alhaji, ɗan kasuwa ne a Kwari, shekara ashirin yana zuwa Guangzhou saro shadda da leshi. Da ya ji labari ya kira, muka sa wayar a tsakaninmu.

"Ku rabu da Turawa," in ji shi, "su lissafi suka sani, ba su san Allah na yi ba. Ka taho China. Can ba a cewa babu. Ka nuna musu hoton abu da safe, kafin la'asar sun ƙera maka dubu."

Abban Hanifa ya ce, "Yaya, hanta ce fa, ba zik ɗin jaka ba."

"Kai dai boko ya cinye ka. Akwai asibitin da suke daskarar da ciwon da allura, ya mutu a ciki. Ilu mai yi min lodi a can ya san wurin. Maman Hanifa, ki yi masa magana."

Na yi masa magana. Wannan ne abin da ya fi min wuyar rubutawa. Shi cewa ya yi, "In za a bar ni, in zauna a falon nan. Yara sun kusa hutu, in gan su suna shiga suna fita." Ni ce na yi ta kuka, na ce ashe zai miƙa wuya tun ba a yi ba, na ce Allah ya ce tashi in taimake ka. Kwana uku ina yi. Ranar ta uku ya dube ni ya ce, "To, ki nemo fasfo." Saboda ni ya tafi, ba saboda Yaya Alhaji ba.

Biza a Manchester muka yi ta, sau biyu muna hawa jirgin ƙasa, don zuwan farko takardar gayyatar asibitin ba ta da hatimin da suke so. Na sayar da gwal ɗina, mutanen masallaci da matan da muke karatun Asabar tare suka haɗa abin da Allah ya hore musu, Allah ya saka musu da Aljanna. Ƙanwarsa Anti Rabi, da ke aure a Manchester, ta ce a kawo mata yaran. Ranar da aka ba su dogon hutu muka kai su, washegari muka tashi. Na cire layin wayata na bar wa Anti Rabi, wai ko GP ko ƙaramar hukuma su kira a samu mai ɗauka. Na ɗauka dabara na yi.

Jirgi biyu muka hau, da zango a ƙasar Larabawa. Da muka sauka a Guangzhou na kunna waya a intanet ɗin filin jirgin, shiru. Duk manhajojin da muka saba, na kira, na saƙo, na taswira, babu wadda take buɗewa a ƙasar. Ba wanda ya gaya mana. 'Yan kasuwa sun saba, sun manta abin faɗa ne. Malam Ilu, mutumin da yake yi wa Yaya Alhaji lodin kaya, yana can wata ƙofa yana jiranmu, mu muna wata. Awa biyu Abban Hanifa yana kwance a kan benci da jaka a ƙarƙashin kansa. Wata mai shara ce ta ga ina hawaye, na nuna mata lambar a takarda, ta kira da wayarta. Ban san sunanta ba, amma tana cikin addu'ata.

Malam Ilu mutumin kirki ne, ba na zarginsa. Sai dai ya sauke mu inda ake sauke 'yan kasuwa, unguwar Xiaobei, inda kana tafiya za ka ji Hausa a bakin titi, ga abincin halal, ga wata Hajiya Mairo 'yar Maraɗi da take tuƙa tuwo a hawa na sha huɗu. Ya san kowace masana'anta a garin. Asibitin kuwa bai taɓa shiga ba, a talla ya gani, sai wani Alhaji da aka ce ya je. Daga masaukinmu zuwa can, fiye da awa guda ne, jirgin ƙarƙashin ƙasa biyu. Shi kuma yana da kwantena da zai cika, ya raka mu ranar farko, ya rubuta min sunayen tashoshi, ya ce Allah ya ba da lafiya.

Na ce sai mu riƙa shiga tasi. Ashe tasi a can da waya ake kiranta, da waya ake biya. Komai haka ne, har mai sayar da ayaba yana da ɗan zanen nan mai ɗige-ɗige da ake haskawa. Kafin katina ya shiga manhajar biya, sai banki ya turo lambar tabbatarwa zuwa layina, layin kuma yana Manchester, inda suke bayanmu da awa bakwai. Kafin Anti Rabi ta farka ta ga saƙo ta samu hanyar turo min, lambar ta mutu. Sai da muka yi kwana tara ana wannan. A kwanakin nan, jirgin ƙasa muka riƙa bi da mutumin da hawa benen gidansa yake ba shi haki.

Ba zan ce garin ba kyau ba. Tsaf yake, jirgi na zuwa kamar ana ƙirga numfashi, kuma ba mu taɓa shiga taragu ba sai wani ya tashi ya ba shi kujera. Amma gari ne na masu lafiya. Kowace tasha sai an saka jaka a na'ura. Daga layi na biyar zuwa na uku tafiya ce mai tsawo a ƙarƙashin ƙasa, mutane kamar ranar Arfa, ba mai tsayawa. Ƙofofin fita da harafi ake gane su, in ka fita ta wadda ba ita ba, ka ɓullo wata duniya. Rana ta uku na fitar da mu ta ƙofar da ba daidai ba, ga zafi mai ɗanko, ga ruwa ya tsuge, ga babura masu lantarki suna wucewa ta gefen ƙafarka ba ƙara. Ya zauna a bakin wani shago, rigarsa ta jiƙe ta manne da haƙarƙarinsa.

Ya ce, "Maman Hanifa, ki bar ni in huta. Garin nan ba ya jiran kowa."

Na ce, "Saura kaɗan."

Ya ce, "Tun Erdington kike cewa saura kaɗan." Yana murmushi ya faɗa, amma ta shige ni.

Asibitin ma wani garin ne. Ka ɗauki lamba a na'ura, ka biya, ka ga likita, ka koma ka biya, a ɗebi jini, ka koma wata na'urar ta tofo maka sakamako da rubutun da ko harafi ɗaya ba ka ganewa. Fayil ɗin da na ɗauko daga Birmingham suka duba suka ce za su sake komai da kansu. Mai fassara guda ce, ana rububinta. Sati na biyu aka ba shi gado. A nan na gane cewa jinya a can ta dangi ce: kai za ka wanke mara lafiyarka, kai za ka ciyar da shi. Ban ƙi ba, ai mijina ne. Sai dai abincin asibitin ba mu yarda da shi ba, kuma cikinsa ba ya karɓar komai sai kunu da farfesu mara mai. Saboda haka kullum da safe in hau jirgi in je wurin Hajiya Mairo, in dawo da kwanon samira da filas. Masu tsaron tasha sai sun sa na kurɓi kunun a gabansu kafin in wuce. Har suka saba da ni, ɗaya daga cikinsu in ya hango hijabina sai ya yi alamar sha da hannu yana dariya.

Hajiya Mairo ba ta taɓa karɓar kuɗin kunu ba. Wata rana tana zuba min ta ce, "Ɗiyata, in tambaye ki. Likitocinku na can me suka ce?" Na gaya mata. Ta murɗa murfin filas, sannan ta ce, "Shekarata goma sha biyu a nan. Na ga masu zuwa da yawa." Ba ta ƙara ba, ni ma ban tambaya ba, don na san amsar.

A gadon da ke kusa da namu akwai wani tsoho, matarsa ce take jinyarsa, 'yar ƙaramar tsohuwa mai gashi fari fat. Kaka nake ce mata. Ba ma jin yaren juna ko kaɗan. Ita ta nuna min inda ake ɗibar ruwan zafi, ita ta ba ni 'yar kujerar ninkewa. Da ta ga ina shimfiɗa sallaya a lungun bene, sai ta riƙa tsaya min a bakin ƙofa har in sallame.

A sati na uku aka yi aikin allurar. Kwana huɗu bayansa ya ji daɗi, ya ci tuwo da miyar kuka, ya yi sallah a tsaye. Yaya Alhaji ya yanka rago a Kano. Malam Ilu ya samo mana dabarar da za mu riƙa ganin yara a waya, duk da tana yankewa. Abban Hanifa ya sa hula ya zauna sosai, Sadiq ya ce a sayo masa mota mai rimot, Hanifa kuwa ta ƙura wa ubanta ido. Ni kuwa har na fara tsara yadda zan koma in gaya wa likitar nan cewa Allah ba ya lissafi da watanni.

Rana ta biyar zazzaɓi ya zo. Ciki ya fara kumbura, ƙafafu suka bi. Maganin ciwon da muka taho da shi ya kusa ƙarewa. Bizarmu ta kwana talatin ce, ita ma ta kusa ƙarewa, asibitin suka ce a ƙara, don akwai zagaye na biyu. Na tura shi a keken guragu zuwa ofishin shige da fice, muka cike takardu, suka karɓi fasfo ɗinmu suka ba mu rasit, suka ce mu dawo bayan kwana bakwai na aiki. Haka ƙa'idarsu take ga kowa.

Kwana biyu da miƙa fasfo, wani matashin likita ya kira ni waje. Mai fassara ba ta nan. Ya daɗe yana rubutu a wayarsa, ya goge, ya sake, sannan ya juyo min da ita. Abin da ta fassara shi ne: "Ki kai shi gida tun yana iya zama."

Na karanta sau uku. Na tsallako duniya, na bi layi biyar da layi uku har ƙafata ta san su, don a gaya min abin da aka gaya min a Birmingham a kan kujera mai laushi. Ga shi kuma ba fasfo a hannuna.

Na kira Yaya Alhaji. Ya ce, "Kar ki karaya. An gaya min akwai wani asibitin a wani garin, awa huɗu ne a jirgi mai gudun nan. Ilu zai yanka muku tikiti."

Shekara goma sha uku da aurena ban taɓa mayar masa da magana ba. Na ce, "Yaya, ka yi haƙuri. Ba za mu je ba."

"Ke kika yanke?"

"Ni na kawo shi, ni zan mayar da shi."

Sai na ji yana kuka. Ya ce, "Ni ɗin ƙanina nake so ya rayu." Na ce na sani, Yaya. Duk abin da muke so ke nan, shi ne ya kawo mu nan.

Kwanakin jiran fasfo su ne mafi tsawo a rayuwata. Kullum in ɗaga shi in jingina da filo in duba agogo, in ga minti nawa zai iya zama. Ranar farko awa guda. Ranar ta shida, minti ashirin. Kamfanin jirgi suka ce sai da takardar likita da Turanci, da iskar shaƙa, na yi ta zirga-zirga tsakanin hawa na biyu da na tara. Bai taɓa ce min ke kika jawo ba. Sau ɗaya dai ya tambaye ni, "Hutun yara saura kwana nawa?" Na ce saura kaɗan, sai na tuna, na kama bakina.

Ranar da za mu tafi Kaka ta riƙe hannuna da hannayenta biyu ta yi ta magana. Ban ji ko kalma ba, amma na san me take cewa.

Yadda muka kai Manchester, Allah ne kaɗai ya sani. An turo shi a keke, yara suna jira da Anti Rabi. Hanifa ta rugo ta durƙusa ta sa kanta a gwiwarsa. Sadiq ya ɓuya a bayan Anti Rabi, ya ƙi zuwa. Motar rimot ɗin ma ban saya ba, na manta.

Muka dawo Erdington. Nas ɗin da muka ƙi a farko ta zo washegari, aka kawo gadon aka sa a falo. Ba ta tambaye ni don me muka tafi ba, ta dai ce, "Kin gaji, zauna," ta haɗa min shayi a kicin ɗina. Ta daidaita masa magani, ciwon ya lafa. Bayan kwana biyu aka koma makaranta. Ya yi kwana goma sha ɗaya a falon, mafi yawansu barci. Yara su fita yana barci, su dawo yana barci. Ranar Alhamis bayan azahar, ina karanta masa Yasin, ya cika. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙansa, ya sa jinyar ta zama kaffara.

Na san kwanansa ƙirgaggu ne, ko a China ko a Erdington ba zai ƙara minti ba. Malamai sun gaya min, na yarda. Amma inda zai yi kwanakin, wannan an bar mana zaɓi, ni na zaɓa. Ba na ce kowa kada ya je ba, wataƙila akwai wanda aka kai da wuri ya samu sauƙi, ni dai ban haɗu da shi ba. In kin ƙudurta sai kin je, 'yar'uwa, ki tafi da layin wayarki, ki sa a gyara miki wayar da hanyar biya tun kina gida, ki sauka a jikin asibiti ko da ba za ki ji Hausa ba, kuma kada ki miƙa fasfo sai kin kalli mara lafiyarki da kyau. Wanda ya san hanyar kasuwa ba lallai ya san hanyar asibiti ba. Kafin duk wannan, ki tambayi mai ciwon me yake so, in ya faɗa ki ji. Ni an faɗa min, kukana ya fi ƙarfin kunnena.

Kwanan baya ina yi wa Hanifa kitso ranar Lahadi, tana zaune a ƙasa tsakanin ƙafafuna, a falon, daidai inda gadon ya tsaya. Yawanci da Turanci take min magana, ni in amsa da Hausa. Ranar nan da Hausarta mai gargada ta yi, ba ta ko waiwayo ba, kuma ba da faɗa ba.

Ta ce, "Umma, duk hutun nan ba mu da makaranta fa. Da kun bar shi a gida, ko barci yake yi, ai da na zauna kusa da shi."